Yawo Da Ƙafa A Birnin Giranada

 Yau labarin wani birni na kawo muku na ƙasar Sifen, sunansa Giranada, wanda Larabawa ke kira Garnaɗa. Na zauna can mako shida ina koyon Sifaniyanci bayan na gama makarantar horon malamai. Abin da nake so ku riƙe cikin labarin nan shi ne, rabin harshe ake ba mutum a aji. Sauran rabin yana kan titi da kasuwa, sai wadda ta fita ta taka, ta buɗe baki, ita ke tsintarsa.

Birnin yana kudancin ƙasar, cikin yankin Andalusiya, a gindin waɗansu manyan duwatsu da ake kira Siyera Nebada, watau duwatsu masu ƙanƙara. Mafi tsawonsu ya wuce mita 3,400, har bayan sanyi ya wuce kina hangen kansa fari fat. Mutanen garin sun yi kamar 230,000. Da harshensu granada ita ce rumman, saboda haka duk inda kika duba sai ki ga siffar rumman, har a kan turakun ƙarfe da aka kakkafa a bakin titi.

Da safe muna aji a makarantar harsuna ta jami'ar garin, jami'ar da aka kafa tun 1531. In an tashi, sauran yini nawa ne. Na sa wa kaina doka biyu: ba shiga mota cikin gari, ba kuma duba waya don neman hanya. In ina son wuri, tilas in tsai da mutum in tambaye shi. Matambayi dai ba ya ɓata.

Bahaushiya tana da sa'a wajen wannan harshe. Wasulansu biyar ne kamar namu, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake faɗi. Suna da "r" iri biyu, mu ma haka, don haka bambancin pero, watau amma, da perro, watau kare, bai ba ni wuyar da ya ba 'yan ajinmu na Ingila da Amurka ba. Ba su furta "h" ko kaɗan, "j" kuwa daga maƙogwaro take fita. Amma akwai abin da littafi bai koyar ba. Mutanen Andalusiya suna haɗiye ƙarshen magana. Godiya a rubuce gracias ce, a bakinsu sai ki ji gracia. Garin nasu ma Graná suke ce masa. Wannan sai kunne ya saba, kunne kuwa ba ya sabawa a ɗaka.

Kome da gaisuwa yake farawa, kamar a gida. Daga safe har lokacin abincin rana, wajen ƙarfe biyu, buenos días ake cewa, bayan nan buenas tardes. Babba usted ake ce masa don girmamawa, yadda mu ke ce wa manya "ku", tsara kuwa tú. Na fi tsai da tsofaffin mata, don ba su cika sauri ba. Sai in ce, "Perdone, señora, ¿dónde está el mercado?" watau gafara dai uwargida, ina kasuwa take? Su kuwa hija suke ce mini, watau 'yata. Wata ta nuna da hannu ta ce todo recto, miƙe sosai, sa'an nan a la izquierda, hagu. In magana ta yi mini gudu sai in ce más despacio, por favor, a hankali don Allah. Ba wadda ta taɓa ɓata rai. Wata ma ta kama hannuna ta raka ni har ƙofar kasuwa, muna tafe tana ba ni labarin ciwon gwiwarta. Ran nan na sami kalmar gwiwa da ta magani da ta likita, ban biya ko anini ba.

Kasuwar San Agustín tana kusa da babban cocin garin. Tana da nata ladabi. In kin iso wurin mai kifi ko mai kayan lambu, ba a yin layi sosai, sai ki tambaya, "¿Quién es la última?" wa ce ce ta ƙarshe? Wadda ta amsa, ita za ki bi. Ba a taɓa kayan marmari da hannu, mai kaya ke zaɓa miki. Ba kuma tayi, kuɗin kowane abu a rubuce yake da Yuro. Mutanen ƙasar suna cin naman alade ƙwarai, don haka wadda ba ta ci ta haddace sin cerdo, watau ban da alade.

Cikin kasuwar nan na fara jin waɗansu kalmomi kamar na san su tun ina yarinya. Sukari azúcar ne. Zaitun aceituna. Lemon tsami limón. Ƙaramin kofin shayi taza, ga mu kuwa da tasa. Shugaban gari alcalde suke ce masa, asalinsa ɗaya da alƙali. In suna fatan abu sai su ce ojalá, wadda ta fito daga faɗin Larabawa na in Allah ya so. Dalili kuwa, mu da su rijiya ɗaya muka ɗiba. Musulmi sun ƙetaro daga Arewacin Afirka a 711, suka yi mulki a sassan ƙasar kusan shekara 800, Giranada ce daularsu ta ƙarshe. Masana sun ƙiyasta kalmomin Sifaniyanci masu asalin Larabci sun kai wajen 4,000.

Wadda ke tafiya a ƙasa tana ganin wannan tarihi da idonta. Taku kaɗan daga kasuwa akwai Corral del Carbón, masaukin fatake na ƙarni na 14, da babbar ƙofa ɗaya, da fili a tsakiya inda ake shayar da dabbobi, da ɗakuna a sama. Kusa da shi ga makarantar da Sarki Yusufu na Farko ya gina a 1349, har yanzu Madraza ake ce mata. Ga kuma Alcaicería, tsohuwar kasuwar siliki, wadda gobara ta cinye a 1843 aka sake gina wani yanki nata.

Daga dandalin Plaza Nueva sai ki bi bakin wani ƙaramin kogi, Daro, ki wuce gidan wanka na ƙarni na 11 da ake kira Bañuelo, wanda aka huda rufinsa da siffar taurari don haske ya shiga. Daga nan hawa ya fara zuwa tsohuwar unguwa, Albaisin. Kai, unguwar nan ta tuna mini da cikin birnin Kano! Lungu ne bisa lungu, wani ma in kin miƙa hannu biyu kin taɓa bangon dama da na hagu. Gidajen farare ne, katanga doguwa, daga waje ba ki ganin kome sai kan itatuwa, a ciki kuwa lambu ne da inabi da rumman. Irin wannan gida carmen ake ce masa, daga kalmar Larabci ta gonar inabi. Nan taswira ba ta da amfani sosai, baki ne jagora. Kowace kwana sai na yi tambaya, kowace tambaya kuma da kalmar da take bari mini.

A unguwar akwai tsofaffin matattaran ruwa na tubali fiye da ashirin, ana ce musu aljibe. Tun ƙarni na 11 aka haƙa magudana daga wata maɓuɓɓuga ta ƙauyen Alfacar, ruwa ya gangaro ya cika su, matan unguwa su zo da tuluna su ɗiba. A can ƙololuwa akwai fili gaban cocin San Nicolás, inda jama'a ke taruwa da la'asar sakaliya su kalli fadar Alhambra rana tana faɗa mata. Daura da filin akwai masallacin da aka buɗe a 2003, da ɗan lambunsa, kowa yana iya shiga lambun ya huta.

Ita fadar a kan tudun da ke ƙetaren kogi take. Sunanta daga Larabci ne, ma'anarsa ja, saboda launin ganuwarta. Muhammadu ɗan Ahmar ya fara ginin a 1238, jikokinsa suka yi ta ƙari. Wadda ke son shiga ta sayi tikiti tun da sauran kwanaki, ta kuma riƙe fasfonta, don ana dubawa. A ciki akwai tsakar gida mai zakoki 12 na farin dutse ɗauke da kwanon ruwa, aikin Sarki Muhammadu na Biyar. Bango duk sassaƙa ne da rubutun Larabci, ana ta maimaita taken gidan sarautar, cewa babu mai rinjaye sai Allah. Ruwan da ke gudana ko'ina daga kogin Daro aka jawo shi, tafiyar kamar kilomita 6, ba inji ba famfo, gangare kaɗai aka auna.

Wata tsakar gidan tana da kududdufi mai tsawon mita 34, ruwan a kwance sai ka ce madubi. Na tambayi wani dattijo mai gyaran shuke-shuke sunan wannan abu, ya ce, "Alberca, hija." Na gaya masa a harshenmu akwai kalma mai kama da ita, albarka, na kwatanta masa ma'anarta iyakar ƙoƙarina. Ya yi murmushi ya ce a ƙasar da rani ke da zafi irin tasu, ai duk ɗaya ne.

Akwai kuma zumunci tsakanin birnin nan da ƙasashenmu wanda ba kowa ya sani ba. Abu Ishaƙ Assahili, malami mawaƙi haifaffen Giranada, ya gamu da Mansa Musa na Mali a hajjin 1324, ya biyo shi, ya zauna Tambutu har ya rasu a 1346. Sai kuma Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A Giranada aka haife shi, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Fas yana ƙarami. Littafinsa na bayanin Afirka, da aka buga a Italiya a 1550, ya ambaci Kano da Katsina da Zazzau da Zamfara da Gobir. Ashe Turawa da yawa daga alƙalamin ɗan Giranada suka fara jin sunan garuruwanmu.

Ƙarshen daular kuwa abin tausayi ne. Ran 2 ga Janairu, 1492, sarki na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa makullan gari ga Sarki Fernando da Sarauniya Isabel. A 1567 aka kafa dokar da ta hana jikokin Musulmin garin magana da Larabci, ta hana su tufafinsu da gidajen wankansu, har lalle aka hana mata ƙunsawa. Suka yi tawaye a 1568, aka ci su, aka warwatsa su cikin ƙasa, daga 1609 kuma aka kore su gaba ɗaya. Harshen ya mutu a garin. Amma kalmomin da suka riga suka shiga bakin kowa ba wanda ya iya fid da su. Ku duba da yawa daga cikinsu: almohada matashin kai, alfombra darduma, aceite mai, arroz shinkafa, alheña lalle. Kayan ɗaki ne da na madafa, abubuwan da uwa ke ambata wa ɗanta kowace rana ta Allah.

To, ga abin da na gani cikin wannan. Ku iyayenmu da yayyenmu na gida, kada ku raina maganar da kuke yi da yara wajen murhu. Ku kira kowane abu da sunansa na Hausa, ku yi musu tatsuniya, don abin da yaro ya ji a tsakar gida shi ya fi daɗewa. Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, na san da yawanku kuna cin jarrabawar Turanci ko Faransanci ko Larabci a takarda, amma in baƙo ya yi muku magana sai ku sunkuyar da kai. Kunya ado ce, amma ba a wurin neman sani ba. Ba sai kun je Sifen ba. A garinku akwai mai jin Fulatanci ko Kanuri ko Yarbanci, ku fara da gaishe shi da harshensa, gobe ku tambayi sunan abu ɗaya, jibi biyu.

Wadda kuwa Allah ya nufa da zuwa Giranada, ta tafi da takalmi marar tsini, don titunan Albaisin duwatsu ne. Ta sani ƙananan kantuna suna rufewa daga ƙarfe biyu zuwa biyar, abincin dare kuma sai tara ta yi. Ta riƙe ɗan littafi a jaka, duk kalmar da ta tsinta a hanya ta rubuta kafin ta kwanta.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin. Sai wani makon.