Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Yoyo: Tsakanin Mujallun Motoci da Masu Mota

A ƙasar Kazaure, kamar sauran sassan Nijeriya, idan dillalin mota ya ce maka yana da "Muscle", kowa ya san abin da yake nufi: Toyota Camry ƙirar 2007 zuwa 2011, wadda aka laƙaba wa wannan suna saboda faɗin ƙirjinta da murɗewar jikinta kamar na ɗan dambe. A Amurka kuwa, inda sunan ya samo asali, wata aba ce daban ake nufi. Can ana nufin mota mai katafaren inji, galibi mai silinda takwas, wadda aka ƙera domin gudu da ruri da burge 'yan kallo, irin su Ford Mustang da Chevrolet Camaro da Dodge Challenger. Ban taɓa cin karo da ɗayansu a hanyar Roni ko ta Gwiwa ba, amma kusan kullum ina ganinsu a wayoyin samarinmu, ana kallon bidiyonsu, ana haddace alƙalumansu, ana musu a kansu kamar yadda ake musun ƙwallo.

Abin da ya ja hankalina ga waɗannan motoci shi ne tsohuwar jayayyar da ke tsakanin masu su da 'yan jaridar da ke rubutu a kansu. Na daɗe ina bibiyar wannan jayayya, kuma na gamsu cewa akwai darasi a cikinta ga malamin makaranta a Babura da ɗan kasuwa a Kazaure, ko da kuwa ba za su taɓa riƙe sitiyarin Mustang ba.

Tun farkon lamarin akwai lauje cikin naɗi. A watan Maris na 1964 mujallar Car and Driver ta buga labarin gwajin da ta yi wa Pontiac GTO, motar da masana da yawa ke ɗauka a matsayin uwar wannan zuriya. Mujallar ta ce motar ta kai gudun mil 60 a sa'a, wato kusan kilomita 97, cikin daƙiƙa 4.6, abin da ya girgiza masu karatu a wancan zamani. Jama'a suka yi tururuwa suka saya, amma wanda ya fito da tasa daga shago bai iya maimaita wannan bajinta ba. Sai bayan fiye da shekara 30 Jim Wangers, jami'in talla da ya shirya gwajin, ya fito fili ya amsa cewa motar da aka auna an musanya mata inji: an cire mai lita 6.4 da ake sayar wa kowa, an dasa mata mai lita 6.9. Ashe motar da aka yaba daban, wadda aka sayar daban.

Ba kullum ne ake yaudara irin wannan ba. Sau da yawa matsalar ta lokaci ce kawai. A 1971 mujallar Motor Trend ta naɗa Chevrolet Vega sarautar motar shekara. Cikin 'yan shekaru masu ita suka gano jikinta na saurin tsatsa, injinta na zafi yana shan baƙin mai, har sunanta ya zama abin misali idan ana zancen motar da ta ba da kunya. 'Yan jaridar ba ƙarya suka yi ba. Sun faɗi abin da suka gani a sabuwar mota cikin 'yan kwanaki, alhali tsatsa ba ta fitowa cikin mako guda.

A zamanin nan ma saɓanin bai gushe ba. Da kamfanonin Amurka suka farfaɗo da waɗannan motoci, Challenger ta dawo a 2008, Camaro ta biyo baya da ƙirar 2010. Mujallu sun fi karkata ga Camaro da Mustang saboda iya shan kwana a filin tsere, har Camaro ta ci kambun motar shekara na Motor Trend a 2016. Challenger kuwa an sha yi mata gorin nauyi da tsufan ƙira, sau da yawa ita ke zuwa ta ƙarshe idan an jera su uku. Masu saye suka yi kunnen uwar shegu da wannan hukunci. Su abin da suka gani shi ne motar da babban mutum zai zauna a bayanta ba tare da ya naɗe ƙafa ba, mai wadataccen wurin kaya, mai daɗin doguwar tafiya. A 2021 Challenger ta fi Mustang da Camaro kasuwa a Amurka. Ɗan jarida ya auna daƙiƙoƙi a filin tsere, mai mota ya auna zuwa aiki da kai yara makaranta da ziyarar surukai. Kowannensu ya faɗi gaskiya, sai dai tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta.

To, idan haka lamarin yake tsakanin Ba'amurke da mujallar garinsu, wadda ke gwada mota a kan irin titinsa da irin fetur ɗinsa, ina ga mu? Mu koma kan "Muscle" ɗinmu ta gida. Ita ma Camry ƙirar 2007 ta ci kambun motar shekara na Motor Trend. Amma tambayi duk bakaniken da ya daɗe yana buɗe injinta mai lita 2.4, zai gaya maka cewa wasu daga cikinsu na shan baƙin mai fiye da kima, kuma gaban motar ta ciki, inda agogo yake, kan yi danƙo idan rana ta gasa shi. Kamfanin da kansa ya amince da waɗannan matsaloli biyu daga baya, ya tsawaita wa'adin gyara kyauta ga masu motar a Amurka. Lokacin da motar ta tsallako teku ta iso hannunmu a matsayin 'yar Kwatano, ta riga ta yi shekaru a hannun wani, wa'adin ya wuce ko kuma bai shafe mu ba. Duk da haka mota ce da ta karɓu a wurinmu, domin kayan gyaranta na nan birjik a Ƙofar Ruwa a Kano, kuma da wuya ka shiga garejin da ba a san cikinta ba. Yabon mujalla bai ambaci aibinta ba, kuma bai ambaci ainihin abin da ya sa muke sonta ba.

Akwai tambayoyin da babu mujallar Detroit ko ta Landan da za ta yi tunanin yi, alhali su ne rayuwar mota a wurinmu. Yaya tsayin cikinta daga ƙasa, za ta haye tudun rage gudu ba tare da salansa ta daki kwalta ba? Idan aka rabu da babban titin Kano zuwa Daura aka shiga hanyoyin ƙauyukan Roni masu duwatsu da marmara, wata nawa ƙafafunta za su yi kafin su fara kuka? Idan ta faɗa rairayin ƙasar Babura, za ta fita da kanta ko sai an tara matasa? Yaya take da ƙurar hunturu, yaya lagiretonta yake da zafin watan Afrilu? Idan ta mutu a bayan Gwiwa da magariba, bakaniken da ke kusa zai iya tayar da ita da sifana da basira, ko sai an ɗauko mai kwamfuta daga Kano? Wannan ce jarrabawar da Golf 3 ta ci. An fara ƙera ta a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, kuma har yau ita da 'yar uwarta da muke kira Sharon ke jigilar mutane da buhuna da awaki tsakanin kasuwanninmu, da lodin da injiniyan Jamus bai taɓa mafarkinsa ba. Direbobin tasha ne suka yanke mata hukunci, bayan shekaru suna biyan kuɗin gyara daga aljihunsu.

Sai kuma batun fetur, wanda ya zama alƙalin alƙalai. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta tsallake 1,000. Challenger Hellcat da samarinmu ke yi wa kirari, mai ƙarfin doki 707, tana shan kusan lita 18 a kowane kilomita 100 a cikin gari. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Amurkawa ma sun taɓa ɗanɗana irin wannan: tsadar mai ta 1973, haɗe da tsadar inshora da dokokin hayaƙi, ita ta kashe zuriyar farko ta waɗannan motoci. Zuriya ta biyu ma ta fara ja da baya, domin an daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Camaro kuma ta tsaya a ƙirar 2024.

Wani zai ce ai wannan zancen masu kuɗi ne. Ni kuwa na ga inda ya taɓa talaka. Akwai wani dattijo a unguwarmu, malamin firamare da ya yi ritaya bayan shekara 35 yana riƙe da alli. Da kuɗin sallamarsa suka fito, ya yi niyyar sayen motar da zai riƙa kai iyali asibiti da gona, wani lokaci kuma a ɗan yi haya da ita. 'Ya'yansa, cikin kyakkyawar niyya, suka nuna masa bidiyon wata mota da Turawa suka yi ta kambamawa, mai kujerun fata da allon kwamfuta a gaba. Aka saya. Ba ta cika wata shida ba wata 'yar na'ura a cikin giyarta ta lalace, aka nema a Kano aka rasa, aka ce sai an yi oda daga waje da kuɗin da ya kusa fanshonsa na rabin shekara. Yau tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gidansa, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Duk abin da masu bidiyon suka faɗa game da ita gaskiya ne. Ba su dai san akwai wani gari da ake kira Kazaure ba. Da an tambayi bakanike ɗaya a bakin tasha kafin a biya kuɗin, da gumin shekara 35 bai tafi haka ba.

Sai dai adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren. Shaidar mai mota ma ba wahayi ba ce. So hana ganin laifi, kuma wanda ya zuba miliyoyi a kan abu ba ya son a ce ya yi asara. Wanda ke shirin sayar da tasa kuwa, ba za ka ji aibinta daga bakinsa ba sai kuɗi sun shiga aljihu. Haka nan mai mota ɗaya labarin mota ɗaya ya sani, wataƙila ya yi dace, wataƙila ya yi rashin sa'a. Akwai kuma abin da ba zai taɓa iya aunawa ba sai ranar da ba a fata: mita nawa motar ke ci kafin ta tsaya idan an taka birki da ƙarfi, da yadda jikinta ke kare fasinja idan an yi karo. Wannan sai masu kayan awo da filin gwaji. A hanyoyinmu da gudu da lodi ke cin rayuka, wannan ilimi ne da bai kamata mu raina ba. Wani lokaci ma bakin ɗan jarida da na mai mota kan zo ɗaya. Peugeot 504 ta zama motar shekara a Turai a 1969, aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, kuma iyayenmu da suka yi shekaru suna hawanta ba su ƙaryata wannan yabo ba.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta mujallar Consumer Reports ta Amurka, wadda aka kafa a 1936. Ba ta karɓar talla, kuma da kuɗinta take sayen motocin da take gwadawa, kamar kowane mai saye, don kada a ba ta wadda aka yi wa kwalliya ta musamman irin ta 1964. Bayan haka kowace shekara takan tambayi ɗimbin masu motoci abin da ya lalace musu, ta tattara amsoshin ta buga. Ta haɗa awon masana da shaidar masu ɗaki, kowanne na gyara kuskuren ɗan uwansa.

Mu namu ilimin yana nan, amma a baki yake. Yana wurin bakanike da mai gyaran waya da mai faci, yana wurin direban da ya yi shekara 20 yana bin hanyar Kazaure zuwa Kano, yana wurin mai sayar da kayan gyara wanda ya san abin da aka fi zuwa nema. Idan ɗayansu ya rasu, ya tafi da kundinsa. Ina ganin lokaci ya yi da jaridunmu na Hausa za su ware fili, ko da rabin shafi ne a wata, inda masu motoci da makanikai za su faɗi abin da suka gani: shekarar mota, tsawon zamanta a hannu, abin da ya lalace, kuɗin gyara, da man da take sha a kan hanyar da aka ambata da sunanta. Ɗaliban aikin injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, da na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, za su iya mayar da wannan aikin bincikensu na kammala karatu. Su zaga tashoshi da gareji da takarda da biro, su tattara shaidar mutum ɗari biyu ko uku a kan motoci goma da aka fi hawa a yankin. Irin wannan kundi zai fi amfanar mai shirin sayen mota a Gwiwa fiye da duk bidiyon da aka ɗauka a hamadar Kalifoniya.

Kafin a kai ga haka, shawarata ga samarinmu ita ce su ci gaba da kallon Mustang da Challenger, domin sha'awar inji ba laifi ba ce, kuma daga irinta ake samun injiniyoyi. Amma ranar da kuɗin gaske suka zo hannu, nasu ko na mahaifinsu, su karanta abin da mujalla ta ce game da birki da kariyar rai, sannan su je su zauna a benci a garejin unguwa, su sayi shayi, su saurari mutumin da hannunsa ya yi baƙi da mai. Su tambayi masu irin motar mutum uku waɗanda ba sayarwa za su yi ba. Ɗan jarida baƙo ne da ya kwana ɗaya a ɗakin da rani, ya yaba shimfiɗa ya tafi. Wanda ya yi damina a ciki shi za a tambaya inda ake tara kwano.