Takalmin Ɗalibar Jinya, Tsakanin Buta da Daɓen Asibiti



Ya kai mai karatu, a 'yan shekarun nan an samu wani sauyi a garinmu Tsiga da ƙauyukan da ke kewaye da shi. Yaran da muka karantar da su Ahalari da Ishmawi a Islamiyya, musamman mata, sun fara samun gurbin karatun jinya da ungozomanci: wasu a makarantar ungozoma ta Malumfashi, wasu a makarantar jinya ta Katsina, wasu a Funtuwa, wasu har Zariya. Duk wanda ya taɓa neman mota cikin dare domin kai mai naƙuda asibiti ya san darajar yarinya guda daga cikin waɗannan. Aiki ne mai asali a wurinmu, domin Rufaida al-Aslamiyya tana da hema a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a nan aka kwantar da Sa'adu bin Mu'azu bayan Yaƙin Handaƙ a shekara ta 5 bayan Hijira.

Idan watannin farko na karatun aji suka wuce, aka ci jarrabawar tantancewa, sai a fara tura ɗalibai ɗakunan marasa lafiya domin koyon aiki da hannu, abin da su da kansu suke kira fostin. A daidai lokacin ne sukan zo mini da tambayoyi: tsawon hijabi, kwana a wurin aiki, taɓa majinyaci namiji. Tambayoyi ne masu nauyi, kowace tana da ranarta. Amma ban taɓa jin wadda ta yi tambaya a kan takalmi ba, alhali kuwa a ganina shi ne wurin da lafiyarta da tsarkinta suka fi saurin karo da juna.

Dalilin wannan shiru ba ɓoyayye ba ne. Mu mutanen silifas ne. Ƙasarmu akwai zafi, muna alwala sau biyar, ba ma shiga ɗaki da takalmi, saboda haka takalmin da ya fi mana shi ne wanda ƙafa za ta zare kanta daga cikinsa ba tare da an sunkuya ba. Sau-ciki kuwa mun bar wa soja da ma'aikacin banki. To da takardar makaranta ta ce a zo da rufaffen takalmi, sai yarinya ta ɗauke shi a matsayin ado irin na inifom, ta sayi kambas mafi araha, ko irin na robar nan mai huji-huji a sama, bayan mako guda kuma ta take bayansa da dunduniya, ya koma silifas kamar yadda ƙafarta ta saba.

Daɓen asibiti ba daɓen tsakar gida ba ne. Abin da ke zuba a kansa jini ne, da ruwan haihuwa, da amai, da fitsari, da ruwan goge-goge mai santsi. Abin da ke faɗowa kansa kuma allura ce da aka cire daga jikin wani, da reza, da fasasshen kwalbar magani. Hannu yana da safar roba, fuska tana da takunkumi, ƙafa kuwa ba ta da mai tsaronta sai takalmi. Masana sun auna haɗarin sukar allurar da ta taɓa jinin mai cuta: ga ƙanjamau kusan mutum 3 ne cikin 1,000 ke kamuwa, amma ga ciwon hanta nau'in B, idan wanda ya soku bai yi rigakafi ba, abin yakan kama daga kashi 6 har zuwa kashi 30 cikin 100. Ƙwayar wannan ciwon hanta takan rayu a busasshen jini kwana 7 ko fiye. Ka haɗa wannan da fason da hunturu ke yi wa dugaduganmu, za ka ga ba sai allura ta soki mutum ba, ƙofa a buɗe take. Kada kuma a manta cewa zazzaɓin Lasa, da aka fara gano shi a garin Lasa na ƙasar Barno a 1969, ma'aikatan jinya ne ya fara kashewa cikin waɗanda aka rubuta labarinsu.

A nan zan ɗan ratse, domin shirin fostin yana farawa tun kafin a je kasuwar takalmi. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ne: ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku bayan wata 6 daga ta farko. Wadda ta jira sai ana gobe shiga asibiti ta makara. Najeriya ta sanya shi cikin rigakafin jarirai a 2004, amma yawancin iyaye a karkara ba su ajiye katin ba, don haka abin da ya fi shi ne a je a yi gwaji tun ranar da takardar samun gurbi ta fito. Idan kuma tsautsayi ya gitta allura ta soki ɗaliba, ta wanke wurin da ruwa da sabulu, ta sanar da shugabar ɗakin nan take, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, kuma gwargwadon sauri gwargwadon amfaninsa. Kunya ko tsoron faɗa ba su da muhalli a wannan wuri.

Mu koma kan takalmi. Lokacin da ƙanwata za ta fara nata fostin, ni na raka ta kasuwar Funtuwa, bayan doguwar muhawara da mahaifinmu. Ya ce, "Yanzu Malam, takalmi ƙafa ɗaya za a zubar wa tiyoyin masara haka? Ofis za ta ko fadar sarki?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ai kai ma ba ka shiga fadama da damina sai da takalmin danƙo, saboda maciji." Ya yi shiru, sannan ya ce a auna masarar. Manomi ya fi kowa gane kayan aiki idan aka kira shi da sunansa.

Abin da muka nema shi ne takalmin da ya rufe yatsu da bayan ƙafa da dunduniya gaba ɗaya, ba huji ko ɗaya a samansa, na fata ko wani abu mai santsin baya wanda ruwa ba ya ratsawa kuma tsumma ke gogewa. Kambas na yadi yana da daɗin takawa, sai dai yana shan duk abin da ya zuba a kansa kamar soso, allura kuma tana huda shi. Ƙasansa ya zama roba mai zane wadda ke kama jiƙaƙƙen daɓe, tudun dunduniya kaɗan, ba tsini, ba kuma shafal kamar faranti ba, domin aikin dare yakan kai awa 12, mafi yawansa a tsaye. Kuma kada ya zama mai ƙwas-ƙwas. Majinyacin da ya samu barci da ƙyar ƙarfe biyun dare yana da haƙƙi a kan ƙafar mai jinyarsa. Launi kuwa makaranta ke faɗa, a duba takardarta kafin a biya kuɗi.

Da yamma ake gwada takalmi, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a riƙa sa shi da ita, a bar kimanin faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakinsa. Kada a yarda da maganar mai shago cewa zai buɗe. Gwanjo mai kyau, irin wanda ake samu a Ƙofar Wambai a Kano ko Sabon Garin Zariya, ya fi sabo marar ƙwari, muddin zanen ƙasansa bai cinye ba. Sannan a riƙa yawo da shi a gida mako biyu kafin ranar farko, domin ƙafar da ta shekara ashirin a silifas sai ta yi bore.

Saura babbar magana, wadda ita ce ainihin abin da ke sa 'yan matanmu take bayan takalmi: alwala. Ƙanwata ta ce da ni, "Yaya Malam, ga layin marasa lafiya, ga La'asar, yaushe zan kwance takalmi, in cire safa, in wanke, in jira ƙafa ta bushe?" Amsar tana cikin babin shafa a kan huffi, wanda muke karantawa a Risala da Iziyya kamar labarin mutanen ƙasashen sanyi, ba mu san ranar amfaninsa tana tafe ba. A mazhabar Malikiyya sharaɗi ne huffin ya zama na fata, ɗinkakke, mai tsarki, ya rufe idon sawu, a kuma sa shi bayan cikakkiyar alwala ta ruwa. Idan haka ta samu, sai a riƙa shafa a kansa, ba a iyakance kwanaki ba, illa janaba tana warware shi kuma an so a cire shi ranar Juma'a. Sauran mazhabobi uku sun iyakance wa mazaunin gida yini da dare ɗaya, matafiyi kwana uku. Hambaliyya sun yarda da shafa a kan safa mai kauri da ta rufe idon sawu. Malikiyya ba su yarda ba sai an lulluɓe ta da fata. Kowace ɗaliba ta bi abin da malaminta ya karantar da ita a kan hujja, ba ni da niyyar tayar da wannan tsohuwar gardama a nan. Abin lura kawai shi ne, takalmin jinya da aka saba bai kai idon sawu ba, saboda haka ba a kansa ake shafar ba, a kan abin da ke cikinsa ne. Wadda ta zaɓi siririn huffin fata irin wanda alhazai ke kawowa, to da shi a ƙafarta za ta gwada takalmin a kasuwa. Wadda kuma ta zaɓi wankewa, ta ajiye ƙaramin tawul da safa ta biyu a jaka, ta tsane tsakanin yatsu sosai, domin danshi a rufaffen takalmi shi ke kawo ƙaiƙayi da ruɓewar fata.

Shi kansa takalmin ba a salla da shi. Malaman Malikiyya sun yi rangwame ga takalmin da ya taka kashin dabbobi irin su jaki da doki idan an goge shi da ƙasa, saboda hanyoyi ba sa rabuwa da shi, amma ba su shigar da jinin mutum da fitsarinsa cikin wannan rangwame ba. Waɗannan sai wanki. Ka ga ke nan abin da fiƙihu ke nema da abin da malaman asibiti ke nema ya zo ɗaya: takalmin da ke wankuwa. Idan jini ya taɓa shi, a sa safar hannu a goge da ruwan bilic. In bilic ɗin mai ƙarfin kashi 3.5 ne, ma'auni 1 ake zubawa cikin ma'auni 6 na ruwa, a bar shi ya ɗan jima, sannan a ɗauraye a shanya.

Kuma takalmin asibiti ba ya shiga gida. A gidajenmu yara suna rarrafe a tsakar gida, suna wasa da duk takalmin da suka gani a bakin ƙofa, wani har baki yake kai shi. Ɗaliba ta tafi da silifas ɗinta, ta sauya a wurin aiki, in an tashi ta ƙulle na aikin a leda. Idan hutu ya kawo ta Tsiga da shi, ta rataye ledar a ƙusa can sama a zaure, inda hannun yaro ba ya kaiwa.