Ziyarar Lambun Aburi

Wani ɗalibina na dā ya so shiga Kwalejin Aikin Gona ta Kwadaso da ke Kumasi, wadda aka kafa a 1922, don ya koyi aikin lambu. Mahaifinsa ya ce sam. Shekara da shekaru dattijon nan yana noman latas da kabeji da albasa a bakin kwata a Dzorwulu, ga shi duk bayansa ya ranƙwafa saboda ɗaukar garwa. Ya ce mini, "Malam, don ya riƙe fartanya na kai shi boko?"

Ban yi gardama da shi ba. Na dai roƙe shi ya raka ni Aburi ran Asabar.

Daga tashar Madina muka hau mota, ta yi ta hawan tudun Akwapim, tafiyar kamar kilomita 30 daga Ankara. Tun kafin mu sauka iska ta sauya, sanyi ya fara ratsa riga. A bakin lambun wasu dogayen itatuwa dangin kwakwa suka tarbe mu, sun jeru sahu biyu kamar masallata.

A 1890 aka buɗe wurin, kuma wanda ya fara kula da shi, William Crowther, a lambun Kew na Ingila ya koyi aikin. Koko kuwa, wanda Tetteh Quarshie ya kawo daga Fernando Po ya shuka a Mampong nan kusa a 1879, wannan lambu ya taimaka ƙwarai wajen rarraba irinsa ga manoma.

Amma ba tarihi ne ya tsayar da dattijon ba. Ko tsohon rimin da baƙi ke ɗaukar hoto a gindinsa bai kalla sau biyu ba. Wurin renon dashe ya tsuguna, inda na nuna masa yadda ake auren itace: a yanko reshen mangwaro mai daɗi, a tsaga ƙaramin tsiro mai ƙarfin saiwa, a haɗa su a ɗaure tam, sai ya yi 'ya'ya da wuri, irin na uwar sak. Ya daɗe yana juya ƙasar ledar da yatsa, yana shinshinawa. A ganina, wannan hannu ya fi ni sanin ƙasa nesa ba kusa ba, ilimin takardar ne kawai ya wuce shi.

A hanyar dawowa bai ce uffan ba sai da muka gangaro Ayi Mensah. Nan ya juyo ya ce, "Malam, makarantar nan, kuɗinta nawa ne?"