Hayaƙin da Ba Ya Sa Tari

Idan za ka kama haya a ƙasar nan, na san tambayoyinka: nawa ne a wata, akwai wurin ajiye mota, yaya makarantar yara, ina kantin nama mafi kusa. Ban taɓa jin ɗan'uwanmu ya tambayi abin da ake yi a cikin dogon ginin nan mara taga da ke bayan layi ba. Mu da ido da hanci muka saba auna iska. A gida in ana ƙona taya, ko maƙera na narka sanholo za su zuba tukwane, tun daga nesa ka sani, sai ka ja hannun yaro ku sake hanya. Da muka zo inda sama take garau, itatuwa kore shar, sai muka ɗauka maganar ta ƙare.

To bari in ba ka labarin abin da ya faru a Portland ta jihar Oregon, garin da nake zaune.

Garin nan ya yi suna wajen gilashin ado, irin mai launi da ake sa wa tagogin coci da fitilu da kayan ƙawa. Masana'antu biyu ne suka fi shahara: Bullseye a kudu maso gabashin gari, wadda aka kafa a 1974, da Uroboros a arewa. Abin da yawancin mutane ba su sani ba, launin nan ba fenti ba ne, ƙarfe ne ake narkawa tare da yashi. Kadmiyam ke ba da ja da rawaya da ruwan lemo. Kuromiyam ke ba da kore, kobal shuɗi. Asenik kuwa ana zuba shi don ya kore ƙananan kumfa daga cikin narkakken gilashin. Zafin tanderun yakan haura digiri 1,300, kuma a irin wannan zafi wani ɓangare na ƙarfen yakan tashi ya zama tururi ya bi bututu. Da ya fita ya sha iska sai ya daskare ya zama ƙura mai laushin da ido ba ya kamawa. Ba baƙi, ba wari, ba ta sa ka tari nan take. Ta sauka a kan taga, a kan lilon yara, a kan ganyen da ka shuka.

Ka san wa ya tona asirin? Gansakuka. Wallahi gansakukar jikin itace. Ita ba ta da saiwa a ƙasa, daga iska da ruwan sama take ci, saboda haka duk abin da ke yawo a iskar unguwa yana taruwa a jikinta. A ƙarshen 2013 masu bincike na hukumar gandun daji ta Amurka, Sarah Jovan da Geoffrey Donovan da abokan aikinsu, suka bi gari suna yago ta daga itatuwa, wuri 346. Da aka zana sakamakon a taswira, kadmiyam ya yi tsiri a wurare biyu, kuma a tsakiyar kowanne akwai masana'antar gilashi. A Oktoban 2015 hukumar muhalli ta jiha ta kafa na'urar auna iska kusa da Bullseye. Kadmiyam ya fito ninki 49 na mizanin jiha, asenik wajen ninki 150. Sai a Fabrairun 2016 mutanen unguwa suka ji.

Kada ninkin nan ya firgita ka fiye da kima, amma kada ka raina shi. Mizanin an tsara shi ne a kan cewa in mutum miliyan ɗaya suka shaƙi iskar tsawon rayuwarsu, mutum ɗaya ne zai ƙaru a masu ciwon daji. Wato ba guba ce ta faɗuwa yau ba, ta taruwa ce. Kadmiyam yana zama a ƙoda shekaru da shekaru. Har hukumar lafiya ta ce wa mutanen da ke cikin rabin mil su dakata da cin kayan lambun gidajensu sai an gwada ƙasa. Gwajin daga baya ya kwantar da hankali, alhamdu lillahi, amma ke 'yar'uwa mai alayyafo da yakuwa a bokitai a bayan gida, ki auna yadda za ki ji in takardar nan ta shigo akwatinki.

Ga inda abin ya fi ba ni mamaki. Bullseye tana da lasisi, kuma hukuma ba ta ɗauki masana'antun a masu karya doka ba. Tun 2007 akwai dokar tarayya da ta ce tanderun gilashi mai narka irin waɗannan ƙarafa, in yana fitar da tan 50 a shekara ko fiye, dole a tace hayaƙinsa. Sai dai dokar ta ce tanderu "mai aiki ba tsayawa". Manyan masana'antun kwalba haka suke, ana zubawa ta nan yana fita ta can dare da rana. Masu gilashin ado kuwa tukunya-tukunya suke yi: a zuba, a narka, a kwashe, a sake wani launi. Don haka aka ɗauka dokar ba ta hau kansu ba, hayaƙin tanderunsu ya yi ta fita kai tsaye. Sai a Afrilun 2016 hukumar muhalli ta tarayya ta fito ta ce ai tanderun da ba a bari ya huce tsakanin zubi da zubi, shi ma mai aiki ba tsayawa ne. Shekara da shekaru unguwa na shaƙa saboda fassarar kalma ɗaya.

Na'urar da ake ta wannan rigima a kanta ba wata sabuwar fasaha ba ce. Ni da hannuna nake canza irinta a masana'antar katako da nake aikin gyara, tamu dai ƙurar katako take kamawa. Turawa suna ce mata gidan buhuna, kuma sunan ya dace. Ka tuna tankaɗen gari? To rariya ce, amma ta iska. Ƙaton akwatin ƙarfe ne, a ciki an rataye dogayen buhunan yadi birjik. Fanka ta jawo hayaƙin ta tura shi ta cikin yadin, iska ta wuce, ƙura ta maƙale. Abin dariya, sabon buhu bai kai wanda ya ɗan yi datti tacewa ba, don ƙurar da ta kwanta a jikinsa ita ma rariya ce. In ta yi kauri sai a bugo iska mai ƙarfi, buhun ya girgiza, ƙurar ta zube a mazurari a ƙasa. A wurin masu gilashi akwai ƙarin wahala biyu. Dole a sanyaya hayaƙin kafin ya iso, in ba haka ba ya ƙona yadin, ƙarfen da bai daskare ba kuma ya sulale ya wuce abinsa. Sannan abin da ya taru a mazurarin guba ne tsantsa, ba a zuba shi a bola, sai a rufe a durom a kai inda aka keɓe. Kuma buhu ɗaya ya yage, sauran duk sun yi aikin banza. Shi ya sa ni in an ce mini wuri yana da matata, tambayata ta biyu ita ce yaushe aka gwada ta.

Jihar ta yi dokar wucin gadi a Afrilun 2016: kada a narka waɗannan ƙarafa a tanderun da ba shi da matata, kuma matatar ta nuna tana kama kashi 99 cikin ɗari na ƙura. Kuromiyam aka fi tsananta wa, saboda irinsa mai sauƙin illa yana iya rikiɗa a cikin wuta ya koma mugun. Ana cikin haka, a watan Mayu, na'ura ta nuna dalma kusan ninki uku na mizani a wani gidan renon yara kusa da Bullseye. Gwamna Kate Brown ta ba da umarnin dakatarwa nan take. Mu da muka ji abin da ƙurar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba, ko da yake na can ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. A Satumba dokar ta zama ta dindindin, ta game jihar duka, ta hau kan duk mai yin tan 5 a shekara ko fiye.

Ba zan ɓoye maka tsadar abin ba. Spectrum, babbar masana'anta a jihar Washington, ta sanar da rufewa a shekarar, tana kukan faɗuwar kasuwa da kuɗin bin doka. Uroboros ta bi baya. Wani kamfani ya sayi sunayensu da sirrin haɗin launukansu ya kai aikin Tijuana a Meziko. Mutane sun rasa aiki, irin aikin hannu da mu baƙi muke samu, kuma wannan ya dame ni. Amma duk da haka ina tare da dokar. Bullseye ta kashe kuɗi ta haɗa tanderunta da matatu, ta ci gaba da aiki a inda take, a 2019 kuma ta amince da sulhun dala miliyan 6.5 da maƙwabtan da suka kai ta ƙara. Wato abin mai yiwuwa ne tun farko. Kuɗin da aka ce ya yi yawa, da can ma ana biyansa, huhun maƙwabta ne ke biya.

A 2018 jihar ta fito da tsarin da ke duba haɗarin kowace masana'anta ga lafiyar waɗanda ke kewaye da ita, ba na gilashi kaɗai ba. Lasisin iska takarda ce ta jama'a a Amurka, kana da ikon neman ganinta a hukumar muhalli ta jiharka. In ka karɓa, kada ka tsaya a hatimi. Nemi shafin da ya jera tanderu da bututu ɗaya bayan ɗaya, ka duba wanne aka haɗa da matata, wanne aka bari, da ranar gwaji na ƙarshe.