Jinja: Inda Kogin Nilu Ke Tafasa

Uwargida, kin taɓa ganin ruwa na tafasa ba wuta? Sai a Jinja ta ƙasar Yuganda, inda Nilu ke fitowa daga tafkin Biktoriya. A nan matasa ke shiga ƙananan kwale-kwale na mutum ɗaya, su ratsa ruwan da ke dukan duwatsu yana farin kumfa, har gasa suke shiryawa. Madatsun Bujagali (2012) da Isimba (2019) sun kawo lantarki, amma sun shanye wuraren wasan da dama.

Abin da ya tsaya mini a rai: komai ƙwarewar mutum, sai da rigar kariya da hular kwano yake shiga, don ruwa kan ci gwani. To, yaranmu masu tsallaka kogi ranar kasuwa fa, me ke jikinsu?