Kama da wane ba ta wane: raket ɗin da na saya wa autana

Ranar Lahadi 4 ga Agusta 2024, ni da autana muna tsugune a shagon wani maƙwabcinmu mai cajin waya a nan Talladje, muna kallon wasan ƙarshe na tanis a gasar Olamfik ta Paris. Novak Djokovic, yana da shekara 37, ya doke Carlos Alcaraz, ya durƙusa a kan jar ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ni kukan nake kallo. Shi kuwa yaron ya taɓo ni ya ce, "Baba, ka ga raket ɗinsa?"

Shekararsa 11 a lokacin. Wata bakwai ke nan da ya fara bin ɗan maƙwabta zuwa wani fili a cikin gari, inda wani koci yake tara yara ranar Asabar. Faba-faba biyu suke shiga kafin su isa. Raket huɗu ne a wurin, yara sun fi goma sha biyar, sai an jira layi. Ni malamin makaranta ne, na san yadda yaro yake idan abu ya shiga ransa, kuma na ga wannan ya shiga. Sai na yi wa ɗan ƙanwata da ke karatu a Faransa magana, na ce ya nemo mini irin na Djokovic sak. Ya ce sabo ya kai Yuro 250, wato sama da jaka 160 na sefa. Na ce a bar sabo, a duba na hannu. Ya samo wani a jaka 65. Na biya sau uku, uwar yaron tana ta mita cewa kuɗin ya fi buhun shinkafa biyu. A watan Disamba, cikin hunturu, wani matafiyi ya iso mana da shi. Head Speed ne, kamar wanda muka gani a talabijin. Daren nan da shi yaron ya kwana.

Ban tambayi kocin ba kafin na saya. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma na fi jin kunyarsa, domin ni ne kullum nake faɗa wa iyaye a taron makaranta cewa kada su sayi littafi sai sun tambayi malamin aji.

Wajen ƙarshen Fabrairu malamin ajinsu ya tare ni ya ce rubutun yaron ya lalace, kuma ba ya gama kwafar darasi daga allo. Na buɗe littattafansa na ga gaskiya ne, haruffa sun karkace kamar kaza ta yi tono. Na yi masa faɗa sosai. Na ce wasa ya ɗauke masa hankali, na yi barazanar ƙwace raket ɗin. Ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Bayan kwana uku uwarsa ta lura da hannun hagu yake ɗaukar buta. Ta kama gwiwar hannunsa ta dama, ya yi ƙara.

Asabar ɗin da ta biyo na bi shi filin. Kocin ya karɓi raket ɗin, ya jinjina shi sau ɗaya, ya dube ni ya ce, "Mushe, wa ya yi wa wannan aiki?" Ya ɓare baƙin salatif ɗin da aka naɗe saman raket ɗin da shi, wanda ni na ɗauka kariya ce daga gogar ƙasa. Sai ga ƴan guntayen dalma, irin waɗanda masu gyaran taya suke maƙala wa ƙafar mota don ta daidaita, an bubbuge su sun yi faɗi, an jera su a ciki. Yaron ya samo su ne wurin wani mai faci a hanyar filin jirgi. Muka ɗora raket ɗin a kan ƙaramin sikelin da kocin yake yawo da shi a jaka. Giram 358.

A nan zan ɗan tsaya in bayyana abin da kocin ya koya mini ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, don na tabbata ba ni kaɗai ne uban da bai sani ba.

Raket ɗin da ake sayarwa a kanti da sunan gwani, sau da yawa ba shi ne a hannun gwanin ba. Fentin ne ɗaya. Kowane raket ana zuba shi ne a cikin mazubi, kamar yadda ake buga bulo, kuma mazubin ne yake yanke faɗin fuskarsa da kaurin bakinsa da yadda zai lanƙwasa idan ƙwallo ta dake shi. Ɗan wasan da ya tashi da wani zubi tun yana saurayi, hannunsa ya haddace shi, ba ya son canji ko na ƙwayar zarra. Kamfani kuwa so yake duk bayan shekara biyu ko uku ya fito da sabon samfuri ya sayar. Sai aka sami hanyar da kowa zai tsira: a ci gaba da zuba wa gwani tsohon nasa, a shafa masa fentin sabon. Djokovic ya koma kamfanin Head a 2009, kuma samfurin Speed yake tallatawa, amma masu bin diddigin kayan wasan sun daɗe da nuna cewa abin da ke ƙarƙashin fentin wani zubi ne na daban, mai ƙaramar fuska, wanda ya samo asali daga tsofaffin samfuran Radical. Andy Murray, wanda ya ci Wimbledon a 2013 da 2016, ya yi kusan duk rayuwar wasansa da zubin Pro Tour 630, irin wanda Thomas Muster ya ci Roland Garros da shi tun 1995. Rafael Nadal ya ɗauki kofin Roland Garros sau 14, daga 2005 zuwa 2022, launin raket ɗinsa na Babolat yana ta sauyawa, amma gangar jikin tana nan a kan AeroPro Drive na farkon tashinsa. Kamfanonin ba su ɓoye abin gaba ɗaya ba. A ƙasan tallarsu akan sami ɗan siririn rubutu da ke cewa ƙwararru na iya wasa da wani raket daban da wanda aka nuna. Wa yake karanta siririn rubutu?

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Pete Sampras. Shi bai ma yarda da sabon fenti ba. Wilson Pro Staff mai ƙaramar fuska ya riƙe har ya yi ritaya da manyan kofuna 14, kuma ba kowanne ba, sai wanda aka ƙera a wata masana'anta da ke tsibirin St. Vincent a yankin Karebiyan. Da aka daina ƙerawa a can, sai aka riƙa tara masa ragowar. Ya tuna mini da kakana a ƙauye, wanda ruwan fartanyarsa ya sha sauyawa wurin maƙeri, amma ƙotar tana nan, ta yi santsi, ta ɗauki siffar tafinsa. Ba ya ba da aronta, kuma ko ya ba ka ba za ta yi maka daɗi ba.

Bayan zubi sai gyara, kuma a nan ne dalma ta shigo. Raket na kanti na manya yakan kai giram 300 kafin a saka masa tsirkiya, na masu koyo ma bai kai haka ba. Na Djokovic, waɗanda suka auna sun ce ya ɗan haura 350. Akwai mutanen da sana'arsu ke nan, su manna siririn tef na dalma a gefen fuska ko a samanta, su zuba wani abu mai danƙo a cikin mariƙi, su sassaƙa mariƙin daidai da tafin mai shi. Da giram ɗaya ko biyu suke aiki. Idan an ɗora a sama, sai a rama a ƙasa, don kada kai ya rinjayi gindi. Kuma suna yi wa raket shida ko takwas iri ɗaya, domin biyu da suka fito daga masana'anta ɗaya ma sukan bambanta da ƴan giram, gwani kuwa yana ji a hannunsa. Ita ma tsirkiyar haka. Wasu na amfani da ta hanjin dabba, wadda Babolat ya fara yi a birnin Lyon tun 1875, wasu ta roba mai tauri, wadda ta yi suna bayan Gustavo Kuerten ya ci Roland Garros da ita a 1997, wasu kuma su haɗa biyun. Kafin kowane wasa ake ɗaura musu sabuwa. Tamu kuwa ta robar nan ce mai tauri, kuma Allah kaɗai ya san shekarar da aka ɗaura ta. Kocin ya ce ta mutu tuni, duk dukan da aka yi gwiwar hannu yake tafiya kai tsaye.

To, ɗana ya ɗora giram 40 da wani abu, dukkansu a can ƙarshen kai. Kocin ya miƙo mini bokitin ƙwallaye ya ce in riƙe kusa da ƙirji, sannan in miƙe hannu da shi. Nauyin bai ƙaru ba, amma kafaɗata ta ba ni amsa. Ya ce haka yaron ya yi wata biyu yana kaɗa wannan abu, da hannun da bai gama ƙwari ba. Ya ƙara da cewa ko babu dalmar, raket ɗin ya yi masa girma. Na manya tsawonsa inci 27 ne, wajen santimita 68 da rabi. Yara ana fara su da 19 ko 21, su hau 23, su hau 25 ko 26, gwargwadon tsayinsu. Ƙwallon ma ba ɗaya ba ce: akwai ja mai laushi, akwai ruwan lemo, akwai mai ɗigon kore, kafin a kai ga rawaya ta manya. Tun 2012 hukumar tanis ta duniya ta wajabta waɗannan masu laushin a gasar yara ƴan shekara 10 zuwa ƙasa. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini tun ranar farko. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Mushe, uba ya kashe jaka 65, yaro yana ta tsalle, ni wane ne?" Ya ce ya yi niyyar ya riƙa musanya masa da ƙarami lokacin horo, amma yaron ba ya sakin nasa. Dalmar kam bai san da ita ba, don a gida da jikin bangon makaranta aka fi kaɗa ta.

Ban ji daɗin wannan amsa ba, amma ban iya yi masa fushi ba, don na gane ta. Sau nawa uba ya zo mini da ƙaton ƙamus ko littafin shirin jarrabawar BEPC ya saya wa yaron da yake ajin farko na kwaleji, saboda ya ji ɗan wane da ya zo na ɗaya da shi ya yi karatu, ni kuma na ce madalla, Allah ya sa albarka? Na san littafin ya fi ƙarfin yaron. Na san ɗan wane ba littafin ne ya kai shi ba, yayarsa ce take zama da shi kowane dare. Amma kunya ta hana ni faɗa.

A hanyarmu ta komawa gida, cikin faba-faba, na tambayi yaron dalilinsa. Na zaci zai ce yana son ƙarfin duka ne. Ya daɗe yana kallon taga. Sannan ya ce tun a Janairu wani babban yaro a filin ya nuna masa a waya cewa wannan ba na Djokovic ba ne, fenti ne kawai, na gaskiyar yana da dalma. "Na ga ka sha wahala kafin ka biya, Baba. Ban so ka san an cuce ka ba. Na ce bari in gyara shi ya zama na gaskiya."

Ban sami abin cewa ba har muka sauka. Yaron da na yi wa faɗa kan lalaci, ashe rufa mini asiri yake yi da gwiwar hannunsa.

Shin an cuce ni? Na yi ta juya tambayar. Raket ɗin ba jabu ba ne, mai kyau ne, babban mutum zai yi shekaru yana jin daɗinsa. A wani fannin ma gara da ba a sayar mana da ainihin na gwanin ba, don mafi yawan masu saye ba za su iya kaɗa shi na minti talatin ba. Amma ba na jin wannan ya wanke kamfanonin. Sun san sarai don me yaro yake nuna talabijin da yatsa. Hoton suna yin sa da girma, gaskiyar kuma su rubuta ta da haruffan da sai an sa tabarau. Wannan ba ƙarya ba ce a gaban alƙali, amma da ɗalibina ne ya yi mini irinta a aji, da na kira ta da sunanta.

A asibiti aka ce jijiya ce ta kumbura, babu karaya, a huta mako shida. Na je wurin malamin ajinsu da kaina na gaya masa abin da ya faru, ya ba shi damar kwafar darasi a gida a hankali. Shi kuma yaron na ba shi haƙuri a gaban uwarsa, abin da ubana bai taɓa yi mini ba, kuma na ga ya fi ni jin nauyin abin. Cikin Afrilu, da zafi ya kankama, ya koma fili da sassafe. Kocin ya ba shi aron wani tsohon raket mai inci 26, fentinsa duk ya kankare, ba a ma iya karanta sunan kamfanin. Da ƙwallo mai ɗigon kore suke yi. Ranar da na leƙa, na ƙirga sun mayar wa juna sau 22 ba ta faɗi a raga ba.

Na Djokovic ɗin yana rataye a ƙusa a ɗakina, an cire dalmar, an yanke matacciyar tsirkiyar. Uwarsa ta ce a sayar a rage asara. Yaron ya ce a'a. Ya ja layi da alli a jikin ƙofa, daidai tsayin da kocin ya ce idan ya kai za a ɗaura masa sabuwar tsirkiya mai laushi. Duk ranar Juma'a bayan masallaci sai ya cire takalmi ya jingina da ƙofar, ya kira ni in duba. Saura yatsa huɗu.