Zane a Jikin Lafaya

A 2017 kamfanin Louis Vuitton ya fitar da jakunkunan mata ɗauke da zanen Mona Lisa da na Van Gogh, da sunan mai zanen ɓaro-ɓaro a jiki. Masu suka na ganin wannan ƙasƙanci ne ga aikin gwanaye. Ni kam, idan na tuna birnin Omdurman na Sudan, sukar ba ta gamsar da ni. Matar Sudan ta daɗe tana yafa zane: lafayarta doguwa ce, kuma akwai masu zana mata furanni da hannu, yadi bayan yadi. Shi ma mai zane Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, da aka tsare shi a kurkukun Kober a 1975, a kan gutsattsarin takardar buhun siminti ya riƙa zane yana binnewa cikin yashi. Takardar siminti ba ta rage wa aikinsa daraja ba, balle auduga mai kyau.

Sukar da ke da nauyi ita ce ta haƙƙi. Van Gogh ya rasu tun 1890, ba ya bin kowa bashi, amma mai zanen Khartoum da yaƙi ya raba da gidansa tun Afrilun 2023 yana buƙatar sunansa a bakin mayafin da kuma kasonsa na cinikin. Akwai kuma zanen da bai kamata a sa a jiki ba. El-Salahi ɗan malamin allo ne, haruffan Larabci sun ratsa ayyukansa na farko, kuma abin da ya yi kama da rubutun allo ba a yafa shi a shiga bayan gida.